Sati uku muna gardama a kan makunni ɗaya

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri zuwa lakca ya ajiye shi sai dare. Amma ku 'yan aji uku da aji huɗu na injiniya da za ku fara haɗa abu mai batir da moto, don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe, wataƙila ya tsirar muku da kuɗin abincin wata guda.

A duk kayan da muka saya don haɗa jirginmu, babu wanda ya kai makunni araha. Kuma wallahi babu wanda ya ci mana lokaci da ɓacin rai kamarsa. Sati uku cur muna ja-in-ja mu uku, har akwai kwana biyun da ni da abokin ɗakina gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Bari in fara gaya muku wane jirgi ne. Ƙaramin samfurin NNS Aradu muka ƙera, wanda ake tuƙawa da rimot. Aradu babban jirgin yaƙi ne na sojojin ruwan Najeriya, kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a Hamburg ta Jamus, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa mita 125 da ɗoriya, farfelarsa biyu, da babbar igwa mai milimita 127 a gaba, da filin saukar jirgi mai saukar ungulu a baya. A 2005 ya je har Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Ni na kawo shawarar mu zaɓe shi, kuma dalilina ba ɓoyayye ba ne. A Agege aka haife ni, a nan Legas na girma, kuma yana yi mini daɗi duk lokacin da wani a Akoka ya tambayi ma'anar sunan, in ce masa ai yarenmu ne, aradu ita ce tsawar nan mai faɗowa ƙasa.

Mu uku ne a aikin. Akwai abokin ɗakina ɗan sashen injiniyan inji, muna ce masa Kafinta, domin shi ya yi wata biyar yana yanka filawud yana shafa faiba har gangar jikin jirgin ta fito sumul. Akwai 'yar ajinmu 'yar Kalaba, muna ce mata Kyaftin, ita ce mai rimot da duk abin da ya shafi rediyo. Sai ni mai waya da dalma. Kuɗin kuwa karo-karo ne daga aljihunmu, har da ɗan abin da muka tara lokacin horon masana'antu. Batirin kaɗai ya fi abin da nake ci a wata.

Awon da muka ɗauka shi ne ɗaya bisa ɗari, wato kowace mita ɗaya ta babban jirgi ta koma santimita ɗaya. Tsawon namu ya zama santimita 125. Amma nauyi ba da ɗari ake raba shi ba, da miliyan ɗaya ne, saboda tsawo da faɗi da zurfi duk sun ragu sau ɗari-ɗari. Jirgin da ya haura tan 3,000 sai ya dawo kilo 3 da ɗan abu. In muka wuce haka, jirgin zai nutsa ya wuce layin da ruwa ya kamata ya tsaya. Ku riƙe wannan, domin tun a nan aka kori wasu manyan makunnai, irin jan makunnin nan na yanke batirin mota, tun ba a fara gardama ba.

A cikin jirgin akwai batirin LiPo mai bolt 7.4, wanda in ya cika yake kai 8.4, mai cin 2200mAh. Daga shi wuta tana shiga wani ɗan akwatin sarrafa gudu da ake kira ESC, shi ke ba moto biyu masu lamba 380 wuta daidai yadda aka danna rimot, kuma shi ke rage wutar zuwa bolt 5 ya ba risiba da sarbo, wato ɗan injin da ke juya wutsiyar jirgi. Murfin jirgin kuma sukuru takwas ke riƙe da shi, da roba a tsakani don kar ruwa ya shiga. To tambayar ita ce: da me za a kunna jirgin a kashe shi ba tare da an kwance sukuru takwas ba?

Kowannenmu da abin da ya dame shi. Kafinta ya ce ko ma mene ne kar ya gan shi a saman jirgi. "Mutumina, wata biyar ina goge katakon nan. Ka taɓa ganin jirgin yaƙi da makunnin fanka a goshi?" Kyaftin ta ce ita ba ruwanta da kyau, tana son abin da in hayaƙi ya tashi za ta kashe cikin daƙiƙa biyu da hannu ɗaya, ko da hannun a jiƙe yake. Ni kuma na ce kafin mu yi maganar kyau ko sauri, mu fara sanin yawan wutar da za ta bi ta cikinsa. Dukanmu muna da gaskiya, shi ya sa gardamar ta yi tsawo.

Abu na farko da muka yi shi ne awo. Muka roƙi Baba mai kula da lab ya ara mana mitar da ke ɗaukar amfiya mai yawa, domin ƙananan mitocin da muke yawo da su a jaka yawanci a amfiya 10 suke tsayawa. Muka cika babban baho da ruwa, Kafinta ya riƙe jirgin, Kyaftin ta ba shi wuta har ƙarshe. Moto biyun a haɗe suka ja wajen amfiya 6. Sai muka ɗaure farfelun da tsumma yadda ba za su juya ba, aka ɗan taɓa rimot na ƙiftawar ido. Mita ta haura 20. Haka moto yake: in yana juyawa shi da kansa yana rage wutar da yake sha, in aka tare shi kuwa sai ya zama kamar guntuwar waya da aka haɗa baki da baki. Kuma duk wanda ya taɓa zama bakin ruwa a nan makaranta, yana kallon gadar Third Mainland, ya san abin da ke yawo a kan ruwan: leda, kainuwa, igiyar masunta. Farfela za ta kama wani abu, lokaci ne kawai ba mu sani ba.

Da lambobin nan biyu a aljihu, 6 da 20, na shiga mota zuwa Alaba. Mai shagon da na je wurinsa ya zube mini faranti guda na makunnai. Akwai mai ɗan sanda da ake turawa sama da ƙasa, akwai mai danna gefe irin na bayan sitabilaiza, akwai na zamewa irin na rediyo. Ya ɗauko mai ɗan sandan, ya nuna mini rubutun jikinsa: 6A 125V AC, 3A 250V AC. "Ɗan makaranta, wannan yana ɗaukar bolt 250. Batirinka nawa ne, bakwai? Ai ya yi masa yawa ma." Na ce, "Oga, ba bolt ɗin ne matsalata ba, amfiya ce." Ya yi dariya ya ce to in ɗauki mai danna gefen, shi an rubuta masa amfiya 10. Mutumin kirki ne, abin da ke rubuce ya karanta mini. Na sayi guda-guda na kowane iri don gwaji, na dawo.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Babbar lambar da ido ke fara gani ita ce 250, sai mutum ya saki jiki. Amma bolt ɗin yana gaya maka ƙarfin turin da makunnin zai iya tarewa ne in yana kashe. Abin da zai bi ta cikinsa in yana kunne amfiya ce, kuma ita ke kawo zafi. Sannan ga haruffan nan biyu na ƙarshe, AC, waɗanda kusan ba mai kulawa da su. Da na kai wa Baba mai lab makunnan, ya juya su a tafin hannu ya ce, "Ɗana, waɗannan don wutar gida aka auna su." Wutar gida a Najeriya tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ma'ana tana saukowa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa. In ka kashe makunni tartsatsi ya tashi tsakanin haƙoransa, da wutar ta sauko sifili sai ya mutu da kansa. Wutar batir ba ta saukowa sifili, hanya ɗaya take bi, don haka tartsatsinta ya fi naci.

Baba bai tsorata ni fiye da kima ba. Ya ce a ƙaramin batir irin namu tartsatsin ba ya daɗewa, ba kamar batiran sola masu bolt 48 ba. Abin da zai kashe makunnin a hankali abu biyu ne. Na ɗaya, a cikin ESC akwai kafasita, kuma duk lokacin da aka kunna tana zuƙar wuta da yawa a lokaci guda, wannan ɗan "tas" ɗin da ake ji yana ɗan cin haƙoran makunni kowane karo. Na biyu, moto kaya ne mai naɗin waya, in aka yanke masa wuta yana cikin gudu yana mayar da martani. Yau kaɗan gobe kaɗan, haƙoran su yi baƙi, turjiyarsu ta ƙaru.

Ga lissafin da na rubuta wa Kafinta a bayan handaut, wanda kowa ya yi a aji ɗaya amma ake mantawa. Zafi shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya. A ce haƙoran sun yi datti har turjiyarsu ta kai om 0.05, wadda ko ƙaramar mita ba za ta nuna maka sosai ba. A amfiya 6, zafin wat 1.8 ne, makunni zai yi ɗumi kawai. A amfiya 20, zafin wat 20 ne, a wurin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, cikin gidan roba, cikin jirgin katako da aka rufe ruf. Ƙaramin ƙarfen soda na wat 25 ne, kun ga ba su da nisa. Ban da haka bolt 1 cur zai ɓace a kan makunnin, a daidai lokacin da batir ma ya durƙusa saboda nauyin da aka ɗora masa. In abin da ya rage bai ishi ESC ya fitar da bolt 5 ba, risiba ta ɗauke ta sake tashi. Kyaftin tana danna rimot, jirgi bai san tana yi ba. A kan tebur wannan abin dariya ne. A tsakiyar ruwa kuwa sai neman mai kwale-kwale.

Ba labari nake ƙirƙira ba. A zangon da ya wuce wasu 'yan gaba da mu sun haɗa motar robot, suka sa mata irin mai ɗan sandan nan. Ranar nuna aiki taya ta maƙale a ƙafar tebur, robar makunnin ta narke, haƙoran suka yi walda da juna. Ana tura sandan sama da ƙasa, mota ba ta mutu ba, sai da wani ya fizge waya da hannu. Su a ƙasa suke, hannu yana kai wa. Mu ruwa za mu shiga.

Maganar ruwa kuma Kawu ne ya ƙara buɗe mini ido. Kawuna ya fi shekara talatin yana gyaran rediyo a Agege. Na je gida ƙarshen mako na nuna masa na zamewar, na ce, "Kawu, wannan fa? Ƙarami ne, zai ɓuya." Ya karɓa ya ɗaga shi saitin haske ya ce, "Kai yaro, ka ga tsagar nan da maɓallin ke zamewa a ciki? Ƙofa ce." Ya ce rabin rediyon da ake kawo masa da damina a ce ta mutu, lafiyarta ƙalau, makunni ne ya yi kore saboda raɓa. Wannan raɓar iska ce kawai. Ruwan lagun kuwa gauraye yake da na teku, akwai gishiri a ciki, kuma gishiri da wutar batir in suka haɗu a kan tagulla, cin da zai ɗauki shekara sai ya faru cikin kwanaki. Ya ce irin wannan makunnin wutar rediyo yake iya ɗauka, ba ta moto ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, in ji shi, ya miƙo mini abina.

Da na dawo, Kafinta ya tare ni da dabarar da ya kwana yana nema, kuma gaskiya dabara ce mai kyau. Akwai wani makunni ɗan siriri a cikin bututun gilas, in ka kusanto da maganaɗisu sai haƙoransa su haɗu. Za a manna shi ta ciki, ba huda, ba tsaga, ba abin da ido zai gani. Ka ɗora ɗan akwatin ado mai maganaɗisu a saman jirgi, jirgi ya tashi. Ya ce, "To malam mai lissafi, sai kuma me?" Sai da na yi shiru na ɗan lokaci, domin ta magance ruwa ta magance kyau a lokaci guda.

Matsalar ita ce irin waɗannan ƙananan wajen rabin amfiya suke ɗauka. Zuƙar farko ta kafasita kaɗai ta isa ta manne haƙoransa. Sai dai a sa shi ya zama ɗan aike, ya umarci wani babba. Muka duba rilen mota, irin mai amfiya 30 ko 40. Ƙarfi yana da shi, amma naɗinsa don bolt 12 aka yi, a bolt 7 da wani abu ko ya kama ko ya ƙi, kuma in batir ya ɗan sauka zai saki jirgi a tsakiyar ruwa. Muka duba MOSFET, wato transista mai ɗaukar wuta da yawa, ba nauyi ba ƙara. A takarda shi ne ya ci gasar. Amma Baba mai lab ya yi mana tambaya ɗaya: "In ya lalace, a kashe yake mutuwa ko a kunne?" Amsar ita ce yawanci a kunne. Wato ranar da aka fi buƙatarsa, ranar da wuta ta yi yawa, ita ce ranar da zai iya ƙin kashewa, kuma daga waje ba za ka gane ba. Ga shi moto biyun su ma maganaɗisu ne a cikinsu, sai an yi ta lissafin nisan da za a ba su. Kyaftin ta ce ita ba ta yarda da kashewar da ba ta gani da ido ba.

A nan ne Kafinta ya fusata. Ya ce ai ESC ɗin ma ya zo da ɗan makunninsa a jikin waya, mu ɓoye wannan a ƙarƙashin wani abu mu huta, me ya sa nake mayar da allura garma. Wannan ce maganar da ta sa muka yi kwana biyu ba hira. Ɗan makunnin ESC yana kashe ɓangaren sarrafawa ne, manyan wayoyin batir suna nan a haɗe da akwatin. A da yawansu wuta tana ci gaba da tsiyaya kaɗan-kaɗan, in ka manta kwanaki batirin LiPo ya sauka ƙasa da bolt 3 a kowane ɗaki, ya kumbura, shi ke nan kuɗinmu. Wanda ya fi wannan, in ruwa ya shiga ESC ya yi shot, wannan ɗan makunnin ba zai hana komai ba. Batirinmu an rubuta masa 25C, ma'ana mai shi yana cewa zai iya ba da amfiya 55, in waya ta haɗu kuma ya wuce haka. Jirgin nan a ƙarƙashin gadona yake kwana, a ɗakin da mutum huɗu ke barci, da katifu da littattafai da labule. Na ce masa, "Mutumina, jirgin namu ne mu uku, amma ɗakin ba namu kaɗai ba ne." Bai amsa ba a ranar. Kwana biyu bayan nan ya dawo daga masallaci ya zauna bakin gadona ya ce, "To nuna mini naka."

Nawa ba makunni ba ne irin na shago. Masu haɗa jiragen sama na rimot sun daɗe suna amfani da shi, mu muka sa masa suna mabuɗi. Ana samun fulogin batir mai ruwan ɗorawa da ake kira XT60, mace da namiji, wanda aka yi don amfiya gommai. Sai ka yanke jar wayar da ta fito daga batir, ka haɗa bakin nan biyu a ramukan macen, ka kafe ta a jikin jirgi. Namijin kuma ka haɗa ƙafafunsa biyu da guntuwar waya mai kauri, ka cika bayansa da gam. In ka soka shi, hanya ta haɗu, jirgi ya tashi. In ka zare, akwai tazarar iska da kowa ke gani, babu wutar da za ta tsallaka. Macen ce a ɓangaren batir saboda ƙarfenta a cikin rami yake, ko sukudireba ta faɗo a kai ba za ta haɗa wuta ba. Ba sufirin, ba tsaga, nauyinsa 'yan giram ne. Kuma duk lokacin da aka soka aka zare, ƙarfen yana goge kansa. In ya tsufa ka yanke ka sa sabo.

Sai gardamar inda za a sa shi, amma wannan karon ta daɗi ce, domin Kafinta ya karɓi abin ya mayar da shi nasa. Ya so ya manna mabuɗin a gindin igwar gaba, yadda in ka cire igwa jirgi ya mutu. Wallahi na so abin. Amma gaban jirgi shi ke fara shan ruwa, kuma batirin a tsakiya yake, sai waya ta yi doguwar tafiya ta je ta dawo. Muka daidaita a kan saman benen jirgin, bayan ɗakin matuƙa, wurin da ya fi ko'ina tsawo da bushewa, kai tsaye a saman batir. Ya sassaƙa ɗan akwati mai launin toka ya rufe kan mabuɗin, ya zagaye gindinsa da ɗan bango don ruwan da ya fantsamo ya gangare. In ba an nuna maka ba, ba za ka ce ba kayan jirgi ba ne. Waya mai lamba 14 AWG muka sa, duka-duka ba ta kai taki ɗaya ba, muka toshe bayan soket da silikon, muka shafa ɗan giris a ƙarfen.

Mabuɗi yana aiki ne in hannu ya kai. In jirgi yana nesa, aikin fis ne. Na je Ladipo na sayo fis irin na mota, masu launi: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Muka sa shuɗi ɗaya dab da batir, kafin mabuɗi, shi ne mai gadin gobara. Sannan kowane moto muka ba shi nasa, ruwan ƙasa mai amfiya 7.5. Dalili shi ne kowannensu wajen amfiya 3 yake ci in yana tafiya, in ya maƙale kuma ya haura 10. In fis ɗaya ne tal ga duka jirgin, ko dai ya ƙi ƙonewa moto ɗaya yana dahuwa, ko ya ƙone ya bar mu ba wuta gaba ɗaya. Ɗan makunnin ESC kuwa muka bar shi a kunne dindindin muka naɗe shi da salatef, don kar a sami wurare biyu da za a yi ta tambaya wanne aka kashe.

Ranar gwaji da safe muka fita, kafin iska ta taso. Kyaftin ta kafa doka: rimot ake fara kunnawa, sannan a soka mabuɗi. In an gama, mabuɗi ake fara zarewa, sannan a kashe rimot. Ta kuma saita risiba yadda in sigina ta ɗauke, moto su tsaya cak. Jirgin ya zauna daidai kan layinsa, Kafinta ya kasa rufe baki. Ya yi zagaye uku lafiya, yara 'yan aji ɗaya sun taru suna ɗaukar bidiyo. A na huɗu, can wajen mita talatin daga gaɓa, sai muka ga ya rage gudu ya fara karkata hagu. Cikina ya ɗuri ruwa. Kyaftin ba ta ce uffan ba, ta rage wuta, ta karya wutsiya dama, ta dinga lallaɓo shi a hankali kamar mai jan akuya mai taurin kai. Ya fi minti biyar kafin ya iso. Tana kai hannu ta zare akwatin tokar nan, komai ya yi tsit. Muka ɗaga shi, ga baƙar leda ta naɗe farfelar hagu tam. Da muka kwance sukuru takwas ɗin, fis ɗin hagu ya ƙone, moton da ɗan ɗumi kawai, shuɗin fis lafiya, batir lafiya, soket ɗin mabuɗi a bushe kuma da sanyinsa. Asararmu a ranar fis ɗaya ce. Kafinta ya ɗauki ƙonannen ya sa a aljihun gaba, har yau yana kan teburinsa.

Ga wanda zai haɗa nasa, ko jirgi ne ko mota ko wani abu daban, ban ce lallai sai irin namu ba. In abinka fitilu ne da ƙaramar kwamfuta masu cin ƙasa da amfiya ɗaya, na zamewa ma ya ishe ka. In moto ne, ka auna abin da yake ci yana tafiya, ka auna abin da yake ci in ya maƙale, ka nemi makunnin da aka rubuta masa DC da amfiyar da ta haura ta biyun. Ka tambayi kanka in ya lalace yaya zai mutu, kuma hannun wa zai kai gare shi, cikin daƙiƙa nawa. Ka yi wannan tun kafin a rufe gangar jiki a yi fenti, domin bayan fenti duk hudar da za ka yi sai ka roƙi mai katako.

Yanzu mabuɗai biyu muka yi. Ɗaya yana jikin makullan Kyaftin, ɗayan yana cikin durowar Baba a lab. Ni da Kafinta da muke kwana da jirgin ba mu riƙe ko ɗaya ba, kuma shi ya kawo wannan shawarar da bakinsa, ya ce ya san halinsa, in baƙi suka shigo ɗaki sai ya so ya nuna musu farfela tana juyawa. Batirin ma mun cire shi, mun sauke shi zuwa bolt 3.8 a kowane ɗaki, yana cikin akwatin ƙarfe a lab har a gama jarrabawa. Bayan hutu za mu sa wa igwar gaba sarbo ta riƙa juyawa, da fitilun dare, kuma tuni Kafinta ya fara cewa ba ya son ganin waya ko ɗaya a sama. Allah ya ba kowa sa'ar jarrabawa.